Japanancin da Jikata Ke Ji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban cibiyar koyon harsuna da 'yan kwamitinsa, malamanmu maza da mata, musamman Malamar ajin hira da na hango can baya ta sunkuyar da kai, iyaye da kuka baro ayyukanku kuka zo, 'yan uwana ɗalibai manya da ƙanana, Yayana da ke zaune a sahun gaba ya harɗe hannuwa, surukata da jikata, da ku da rashin kujera ya sa kuka tsaya a bakin taga: ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga Allah da ya ara mini rai da lafiya har na ga wannan rana ta rufe zangon karatu. Ina godiya ga malamanmu da suka yi haƙuri da harshen tsohuwa, wanda ya riga ya sandare a kan yare ɗaya. Ina kuma godiya ga kwamiti da ya zaɓe ni in yi magana a madadin ɗalibai. Na san dalilin zaɓen. An duba an ga ni ce mafi tsufa a cikinmu, aka ce tsohuwa ba ta da rigima, za ta yi godiya, ta yi addu'a, ta koma ta zauna. To, godiyar na yi, addu'ar ma tana tafe, amma zaman sai na gama faɗin abin da ke raina.

Labari ya iso mini, kuma ba a ɓoye ya zo ba, cewa kwamiti ya yanke shawarar rufe ajin hira daga zango mai zuwa. Ga waɗanda suka zo rakiya ba su san tsarinmu ba, aji biyu ake koyar da Japananci a wannan cibiya. Akwai ajin littafi, inda ake koyon rubutu da nahawu da maganar ladabi irin ta ofis. Akwai kuma ajin hira, inda ake koyon yadda masu harshen ke magana in sun cire takalmi sun zauna a ɗakinsu, har da salon maganar matasa da ba a samu a ƙamus. Wannan na biyun ake so a rufe. An ce maganar titi ce mai ɓata tarbiyya. An ce ba ya taimakon kowa a jarrabawa. Akwai kuma zargi na uku, wanda ba daga kwamiti ya fito ba, daga gidanmu ya fito, cewa bai dace dattijuwa irina ta zauna tana koyon irin wannan ba. Zan amsa su ɗaya bayan ɗaya. Amma kafin nan, ya kamata ku san wace ce take magana, da abin da ya kawo ta nan.

Ni tela ce. Shagona ɗaki ɗaya ne a bakin titi: keken ɗinki biyu, teburin yanka, madubi mai tsage a kusurwa, da benci a gindin taga. A kan keken nan na rene ɗana. Shi ne na fari, shi kaɗai ne kuma, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Karatu ya kai shi nesa, aiki ya riƙe shi a can, ya auri yarinyar da Japananci ne harshen uwarta. Allah ya ba su 'ya mace, ya sa mata sunana, ni kuma nake kiranta Takwara. Duk sanda suka zo ganina, shi ne tafintanmu. In na tsokani Takwara, shi zai juya mata, dariyarta ta iso a makare. In ta rama, shi zai juyo mini. Ban taɓa zama na yi tunanin cewa duk abin da ke tsakanina da su biyun ta bakin mutum ɗaya yake bi ba.

Sai ciwo ya zo, gajere, ya tafi da shi.

Surukata ta yi abin da ba zan manta mata ba har in koma ga Mahaliccina. Tana da iyaye, tana da dangi, tana da inda za ta zauna a yi ta rarrashinta. Amma ta tattara kayanta, ta nemi aiki a nan, ta kamo hannun 'yarta ta kawo mini. Da 'yar Hausar da ta tsinta a bakin mijinta ta ce mini, "Mama, kada ta manta dangin babanta." Takwara tana da shekara goma sha uku a lokacin.

Muka zama mu uku a gida ɗaya, mata uku, kowace da nata kukan, babu mai iya gaya wa wata. In muka zauna cin abinci, ƙarar cokali kaɗai ake ji. Takwara tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, amma tun da ubanta ya rasu ta kulle bakinta da ita, domin da shi kaɗai ta saba yin ta. Na jira ta buɗe, ba ta buɗe ba. Sai na ce wa kaina, in yarinya ba za ta iya tahowa inda nake ba, ni mai ƙafa ce, zan tafi inda take. Haka na zo wannan cibiya, na shiga ajin littafi, da gilashina da furfurata.

Kuma na yi karatu, malamaina suna nan za su shaida. Na haddace gaisuwa, na haddace godiya, na haddace ban haƙuri mai hawa-hawa. Wata safiya na shiga ɗakin Takwara da kofin shayi, na jero mata jimlar da na daɗe ina maimaitawa a kan keke, wadda ma'anarta ta yi kusa da, "Ranki ya daɗe, ko za ki yi mini alfarma ki karɓi wannan shayi?" Yarinya ta yi zumbur ta miƙe, ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna, ta yi mini godiya cikakkiya. Na fito ina murna, na ce yau na yi magana da jikata ba tafinta. Sai da aka ɗau lokaci na lura cewa duk sanda na buɗe baki, sai ta gyara zama, ta haɗa gwiwoyi, ta daina duk abin da take yi, kamar wadda aka kira ofishin shugabar makaranta. Na tambayi uwarta ko ina yin kuskure. Ta yi ta kwana-kwana, don mai kunya ce, daga baya ta ce, "Mama, babu kuskure ko ɗaya. Sai dai haka ma'aikaciyar banki take magana. Haka ake sanarwa a tashar jirgi."

Wannan mai sauƙi ne, ku saurari wanda ya fi shi. Kullum da safe nakan raka Takwara bakin ƙofa in za ta makaranta. Littafi ya ce in za a rabu a ce sayonara, ni kuwa na riƙe ta da kyau, kullum sai na ɗaga hannu na faɗa mata. Ba ta taɓa amsawa ba. Wata safiya na faɗa kamar yadda na saba, sai ta juyo, fuskarta ta yi ja, ta ɗaga murya ta faɗi wata magana, ta ruga da gudu jakarta na dukan bayanta. Uwarta tana tsaye a bayana da makullin gida a hannu. Na ce, "Me ta ce?" Ta ce, "Cewa ta yi ki daina sallamarta." Na ce, "Ban gane ba." Sai idanunta suka cika, ta ce, "Mama, a cikin gida ba ma faɗin wannan kalma. Ɗalibi yakan faɗa wa malaminsa in an tashi, amma tsakanin 'yan gida ɗaya tana da nauyi, ta wanda zai daɗe bai dawo ba ce. Rana ta ƙarshe da Takwara ta faɗa wa wani ɗan gidanmu ita, a bakin gadon babanta ne."

Jama'a, ban zo nan in ce na yi laifi ba, domin abin da aka koya mini shi na faɗa. Ban kuma zo in ce malamin ajin littafi ya yi laifi ba, domin abin da ke rubuce shi ya koyar. Littafi ya jera mini kalmomi kamar yadi a kan kanta, bai ce mini wannan na ranar murna ne, wancan na ranar makoki ba. A ranar ban buɗe shago ba. Na zo nan, na bi barandar can har ƙarshe, na ƙwanƙwasa ƙaramin ɗakin da fankarsa ke kuka, na tarar da Malama tana jera kujeru a da'ira. Na ba ta labari a tsaye. Ta ce, "Mama, zauna. Gobe da safe ki ce mata itterasshai. Ma'anarta, je ki dawo." Je ki dawo! Kalmar da ta ƙunshi dawowa a cikinta. Washegari na faɗa, yarinya ta ɗan tsaya, ba ta juyo ba, amma ta ɗaga hannu kafin ta sha kwana. Tun daga ranar nake ajin hira.

Yanzu ga zargi na farko, wai maganar titi ce mai ɓata tarbiyya. Ina roƙon 'yan kwamiti su gaya mini, a cikinku wa ya taɓa shiga ajin nan ya zauna daga farko har a tashi? Ni na zauna, tare da direban babbar mota, da mai gyaran waya, da 'yan mata biyu ma'aikatan jinya, da sauran waɗanda kuke gani a nan. Malama ta yi shekaru a cikin masu harshen, ta yi aiki a kicin ɗin gidan abinci, ta yi a gidan kula da tsofaffi, ta ji yadda suke magana in sun ji daɗi da yadda suke yi in ransu ya ɓaci. Ba ta taɓa ba mu kalma tsirara ba. Kowace kalma sai ta haɗa mana da mai ita. Takan ce, "Wannan ki faɗa wa ƙawarki. In kika faɗa wa shugaban wurin aikinki, ki fara neman wani aikin." Takan ce, "Wannan kuwa kada ta taɓa fita daga bakinku, na koya muku ne don in an jefe ku da ita ku san an jefe ku." Wannan ne ɓata tarbiyya? Wanda ya san inda ake rusunawa da inda ake sakin jiki, da wanda ya san rusunawa kawai, wa ya fi sanin ladabi a cikinsu?

Mun kuma yi dariya, ban ɓoye muku ba. Ranar da ta koya mana yabai, ta ce in tukunya ta kama da wuta, yabai, in miya ta yi daɗi fiye da kima, yabai, in ka makara, yabai, in ka ga mota mai kyau, ita ma yabai. Direba ya buga cinya ya ce, "Malama, ashe su ma suna da 'kai!' irin tamu." Haka ne kuwa. Mu ma in abu ya firgita mu, kai! In ya burge mu, kai! In wani baƙo ya zo koyon Hausa muka ɓoye masa wannan, muka ce ba ta cikin littafi, mun yi masa adalci? Mai girma shugaba, ka gafarce ni, in ka koma gida yau ƙishirwa ta kama ka, irin Hausar da nake yi yanzu a gaban lasifika za ka yi wa iyalinka? Za ka ce, "Mai girma uwar 'ya'yana, ina mai neman alfarmar a taimaka mini da ruwan sha"? Wallahi taɓa goshinka za ta yi ta ji ko zazzaɓi ne. Kowane harshe yana da riga ta fita da riga ta zaman gida, ni tela na fi kowa sani. Abin da muke roƙo kada a tilasta mana kwana da ta fita.

Zargi na biyu, wai ajin ba ya taimakon kowa a jarrabawa. Ban raina jarrabawa ba. Yaran nan da ke neman aiki da karatu suna bukatar takardar shaida, Allah ya ba su sa'a. Amma ni tawa jarrabawar ba a zaure ta same ni ba, a shagona ta same ni, wata rana da la'asar.

Takwara in ta taso makaranta shagon take zuwa, ta zauna a bencin gindin taga har uwarta ta tashi daga aiki. Watanni ina jin tana gunguni in ta ajiye jaka, wasu 'yan kalmomi biyu da take furzarwa ƙasa-ƙasa. Na ɗauka waƙa ce ko ajiyar zuciya. Ran nan ina tsaye a teburin yanka, na shata alli, almakashi na hannuna, ta shigo ta jefar da jaka ta zube a benci, ta faɗe su kamar kullum: "Mo muri." Sai na ji kamar an zare mini toshiya daga kunne, domin a makon nan Malama ta koya mana su. Ma'anarsu, na gaza, ba zan iya ba kuma. Jikata ta yi watanni tana cewa ta gaza, a gabana, taku kaɗan daga inda nake tsaye, ina jin ta ina ɗinki.

Na ajiye almakashi. Jimlar littafi ce ta fara zuwa bakina, doguwar nan mai rusunawa, na haɗiye ta. Na zauna a gefenta na ce, "Do shita?" Wato, me ya faru? Ko kallona ba ta yi ba, ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Betsu ni." Ba komai. Da a ajin littafi na tsaya, da na ce alhamdu lillahi na koma kan keke. Amma Malama ta taɓa tsayawa a gabanmu ta kwaikwayi wannan ɗaga kafaɗar, ta ce in matashi ya faɗi haka yana kallon ƙasa, to akwai komai. Sai na sa yatsa na ɗago haɓarta na ce, "Uso." Ƙarya kike.

Da kun ga idon yarinyar nan. Ta zuba mini su kamar yau ta fara ganina, ta ce, "Baachan, maji de?" Wato, Kaka, da gaske? Ba ta taɓa kirana da wannan sunan ba. Kullum da dogon suna mai girmamawa take kirana, irin wanda ake kiran tsohuwar da aka haɗu da ita a hanya. Ta fashe da dariya, dariyar ta yi ta yi har ta juye ta zama kuka, ta kifa kai a cinyata, zare da guntayen yadi duk sun manne mata a gashi.

A nan labari ya fito, rabi da Japananci, rabi da hannu, har da Hausar da ta kulle. Wasu 'yan ajinsu ne suka sa ta gaba. In ta wuce sai su ja gefen idanunsu da yatsa. In ta yi magana sai su kwaikwayi muryarta. Sun laƙa mata wani suna da ba zan maimaita ba. Ta kai in an fita cin abinci ba ta komawa aji, sai ta zauna a bayan tankin ruwa har a buga ƙararrawar tashi. Ba ta gaya wa uwarta ba, domin tana jin uwar tana buɗe famfo a banɗaki don kada a ji kukanta. Ba ta gaya mini ba, domin ba a kai wa ma'aikaciyar banki kuka.

Akwai wata kalma da Malama ta ce mu yi hattara da ita, saitei, ana faɗa wa halin da ya kai ƙarshen ƙasƙanci. Na dubi Takwara na faɗe ta a kan abin da yaran nan suka yi, na faɗe ta da ƙarfi har mai shagon kusa ya leƙo. Malama, yau kike jin wannan. Na yi amfani da ita, kuma ko yanzu aka mayar da ni ranar zan sake, domin a lokacin jikata ta san akwai wanda ransa ya ɓaci dominta.

Washegari ni da uwarta muka je makarantar. Shugabar ta saurare mu, ta kira waɗanda za ta kira, aka sauya wa Takwara aji. Ba zan ce muku komai ya gyaru ba. Har yau akwai ranar da take dawowa a murtuke, akwai ranar da ba ta son kowa ya taɓa ta. Amma tana shiga aji, ta yi ƙawa guda mai surutu kamar rediyo, kuma in abu ya dame ta yanzu ta san bencin da za ta zauna ta faɗa. Ku gaya mini, 'yan kwamiti, a wace takardar jarrabawa ake rubuta wannan sakamakon?

Zargi na uku naka ne, Yaya, kuma ni na roƙe ka ka zo yau don kada a ce na yi da kai a bayan ido. Ka tuna ranar da ka shigo shago ka tarar muna cacar baki da Takwara a kan tsawon siket ɗin makarantarta? Ta ce mini, "Baachan, uzai!" na mayar mata, muka kwashe da dariya. Ka tambaye ni me ta ce, na gaya maka cewa ta yi na dame ta. Ka ɗaure fuska ka ce, "Tsofai-tsofai da ke, kin je kin koyo maganar 'yan tasha, har jika ta ce kin dame ta kina washe baki? Kin zubar da girmanki, kin zubar da namu." Ban amsa maka a ranar ba, don akwai yarinya a wurin. Yau zan amsa, cikin ladabi.

Yaya, kai ne ka riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, girmanka yana nan inda yake, ban taɓa shi ba. Amma ka manta da kakarmu? Ka manta wa yake ɓoye mata takalmi in za ta fita, ta bi shi tana ce masa mai kan ƙwarya, shi kuma yana ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe? Kai ne, Yaya. Kuma da ta rasu, duk cikinmu ba wanda ya kai ka kuka. Girmanta ya zube don ta yi wasa da kai? Jikata an raba ta da ubanta, an raba ta da ƙawayenta da titin da ta saba, shin wasan kaka ma sai an hana ta, don kawai da wani yare take jin wasa? In girma shi ne in zauna a kujera ana rusuna mini alhali yarinya tana ɓuya a bayan tankin ruwa, to na yafe wannan girman, a ba mai so. Kuma ka sani, Hausar da kake tsoron za ta ɓace mata, ta wannan ƙofar ta dawo. Ita tana koya mini nata, ni ina koya mata namu. Ka gwada tsokanarta in an tashi, ka ji abin da za ta mayar maka.

Saura abu ɗaya, ban nemi izinin mai shi ba, amma na san za ta yafe mini. Surukata tun ranar da ta shigo gidana ba ta taɓa sakin jiki a magana da ni ba. Ko ciwo take yi, in na tambaye ta, sai ta miƙe ta ce lafiya lau, da cikakkiyar jimla mai ladabi. Kwanan baya ta dawo daga aiki ta tarar da ni a kicin, ta karɓi wanke-wanke kamar yadda ta saba. Na ga yadda ta jingina da bakin famfo, na tambaye ta da irin maganar cikin gida ko ta gaji. Ba ta miƙe ba. Ta ce, "Un. Tsukareta." E, na gaji. Haka kawai, gajere, irin yadda 'ya take gaya wa uwar da ta haife ta. Sai ta farga, ta rufe baki da hannu mai kumfa, ta fara ba ni haƙuri. Na cire hannun daga bakinta na ce kada ta kuskura. Ta ɗora kanta a kafaɗata, muka tsaya a haka ruwa yana zuba. Da a ce wani malamin nahawu yana wurin, da ya ce ta sauke darajar magana. Ni kuwa a ranar na san ba suruka ce kaɗai a gidana ba, 'ya gare ni.

Saboda haka, mai girma shugaba, ga roƙona, kuma roƙon duk wanda ya taɓa zama a da'irar kujerun can ne. Ku janye wannan shawara. Ku bar ajin littafi a matsayinsa, muna girmama shi, da yawanmu ta cikinsa muka bi. Amma ku bar mana ajin hira. Ku zo ku zauna da mu ko sau ɗaya kafin ku yanke hukunci a kan abin da ba ku gani ba. In kun zo kun ji rashin tarbiyya, ni da kaina zan taya ku sa kwaɗo a ƙofar.

In kuwa kun ce sai an rufe, ɗakin naku ne, ba za mu yi kokawa da ku a kansa ba. Amma ku sani ɗakin kaɗai za ku rufe. Zan tura kekunan ɗinkina jikin bango, in naɗe teburin yanka, duk ranar Asabar shagona ya zama aji. Direba ya ce zai kawo ƙarin benci, mai gyaran waya ya ce zai kawo abin sa sauti, 'yan matan jinya sun ce shara tasu ce. Malama, ke kaɗai ce ban shawarta ba, don na san da na tambaye ki a keɓe kunyar shugabanninki za ta sa ki ce a'a. Ga shi na tambaye ki a gaban jama'a. Ba sai kin amsa yanzu ba, na ga kin ɗago kai, ya ishe ni.

Ku kuma 'yan uwana ɗalibai, kada wanda ya sa ku jin kunyar abin da kuka zo nema. Ku koyi maganar ofis don ku sami aiki, ku koyi maganar gida don ku sami mutane. Wanda ya yi muku dariya don kun ce yabai, ku bar shi ya yi, bai san wanda ke jiranku a gida ba.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, na littafi da na hira. Allah ya ba shugabanninmu zuciyar sauraro, ya sa su yanke abin da zai amfani jama'a. Allah ya ba yaranmu sa'ar jarrabawa, ya tsare su daga sharrin baki da sharrin wariya. Allah ya ji ƙan ɗana, ya ji ƙan naku da suka riga mu, ya raya abin da suka bari. Allah ya bar zumunci tsakanina da Yayana. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya sa in kun isa ku tarar da wanda zai ji maganarku.

Na gode.